Akwatin da Aka Rufe Ta Ko'ina

Akwai wata gwauruwa da iska ta kayar mata da itacen maɗacin da marigayi mijinta ya dasa. Aka sayar da itacen, ta riƙe katako guda. Ta kai wa wani tsohon kafinta, ta ce, "Baba, yi mini akwatin da zan ajiye Littafi Mai Tsarki na maigidana. Ka yi a hankali. In wannan ya lalace, babu wani."

Kafintan ya yanka katakon, ya goge, ya sassaƙa zanen ganye a jiki. Ya haɗa gefe huɗu, ya sa gindi, ya sa sama, ya manne duka da gam.

Da matar ta dawo, ta juya abin ta ko'ina, ba ta ga baki ba.

Ta ce, "Baba, akwati na ce, ba kujerar tsuguno ba. Ta ina zan sa littafin?"

Ya ce, "'Yata, zauna."

Sai ya ɗauki zarto, ya ɗora a kan zanen nan mai kyau, ya fara yanka.

Ta dafe kai. "Wayyo! Za ka kashe mini miji sau biyu?"

Ya ci gaba da yanka. Ya bi gefe huɗu da zarto, sama ta rabu, ta zama murfi. Ƙamshin itace ya fito, ga ciki sumul. Ya mayar da murfin, ya zauna daram, ganyen sama ya sadu da na ƙasa, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba.

Ya ce, "In na yi murfi dabam, sai ya yi gardama. Daga jikinsa ake cire shi."

Ga ma'anar misalin. Kafintan Ubangiji ne, akwatin kuwa kai ne. Akwai lokacin da zai rufe ka ta ko'ina, ka yi addu'a, ka ji shiru. Bayan haka ya zo da zarto. Na ga ya yi wa mutane haka, da ciwo, da rashi, ni ma ya yi mini. Tun kafin ya taɓa katakon ya san inda zai yanka, kuma hannunsa ba ya rawa. Kada ka fizge kanka aikin yana rabi. Wurin da ya yanka, ta nan Maganarsa za ta shiga.