Makwarwa Biyu a Ƙarƙashin Fenti

Akwai wani maƙerin mota a kasuwarmu ta 'yan gwangwan a Rawalpindi ta ƙasar Pakistan, ana ce masa Ustad Riyasat, Ustad wato gwanin sana'a. Ku ba shi injin wannan mota, da fitilun waccan, da ƙarfen da kowa ya yar, bayan wata biyu zai fito muku da jif mai buɗaɗɗen sama wadda ba ta da ta biyu a gari. Hannu kam yana da shi. Girman kai ma haka.

Rumfata tana kallon garejinsa. Tun da maigidana ya rasu ni nake sayar da tsofaffin ƙofofin mota, kuma ba a taɓa yi mini tayin raini na sallama ba. Masi ake kirana a kasuwar, wato inna.

Wata rana ya ɗaga wata shuɗiyar ƙofar bayan jif, wadda wani mai lori ya kawo mini daga ƙauyukan kan dutse.

"Masi, wannan ai ƙyauren garken awaki aka yi da ita. Har yanzu warinsu take."

"To je ka awakin su ƙera maka wata. Ƙarfen da ne. Ajiye mini kayana."

"Rabi zan biya."

"Da rabin hankalinka ka fito yau?"

Ya biya yadda na yanka. Jif yake haɗa wa wani attajiri, Chaudhry Tanwir, wadda za a ɗauki ɗansa ango a ciki, kuma biki saura sati uku.

Akwai kuma wani tsoho, Baba Mehrdin, da kowa ya sani a kasuwar. Ɗansa Shafkat direban jif ne a hanyar duwatsun Kaghan. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya tashi da safe zai hau dutse, daga shi har motar ba a sake ganinsu ba. Babu gawa, babu labari. Tun daga nan duk Alhamis tsohon yake bin rumfuna da tambaya guda:

"Ko an kawo muku wani abu na koriyar jif? A ƙofar bayanta an zana makwarwa biyu, an rubuta Shafkat ɗan Mehrdin."

Ran da Riyasat ya fara goge shuɗin fentin, sai kore ya bayyana. Ya ƙara gogewa, sai ga bakin tsuntsu. Ya ƙara, sai ga suna.

Ya daɗe a tsugune. Idan ya faɗa, 'yan sanda za su zo da tambayoyi, a riƙe ƙofar, wataƙila har motar. Biki ya wuce, Chaudhry ya kai aikinsa wani gareji, a ce Ustad Riyasat ya kasa cika alkawari. Wannan maganar ce ba zai iya ji ba.

Sai ya fesa jan fenti a kai.

Washegari da hasken safiya ya sauka a kan ƙofar, ga makwarwa biyu nan a ƙarƙashin ja, kamar jijiya a bayan hannu. Ya lulluɓe motar da tamfol.

Alhamis ta zo, Baba Mehrdin ya zo. Riyasat ya aika aka kawo masa shayi. Tsohon ya zauna a kan taya, ya jingina bayansa da motar nan da ke cikin tamfol.

"Ustad, babu labari?"

"Babu, Baba. Da na gani ai kai zan fara kira."

"Allah ya yi wa hannunka albarka. Ni ba na ma roƙon ya dawo. In dai san wurin da zan tsaya in yi masa addu'a."

Bayan tafiyarsa Riyasat ya sake fesawa. Tsuntsayen suka sake fitowa. Ya shafe da ƙullun cike lotsawa, ya fesa na uku mai kauri. Kwana biyu ƙofar tana sumul, a na uku sai ga inuwar suna.

Masu fenti za su ce muku ba abin mamaki ba ne. Tsohon zane yana da tudu, maganinsa kawai a kankare shi har ƙarfe. Riyasat ya fi kowa sanin haka. Amma duk lokacin da ya ɗauki injin kankara, sai ya ji kamar fuskar mutum zai ɗora shi a kai, sai ya ajiye.

Alhamis ta biyu tsohon ya sake zuwa, ya sake shan shayi, ya sake jin "babu".

Alhamis ta uku bai zo ba.

Da la'asar Riyasat ya tsallako rumfata, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Masi, zo ki ga wani abu."

Ya yaye tamfol. Karatuna bai yi nisa ba, amma makwarwa na san ta.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ran da na fara gogewa."

"Ka bar bawan Allah ya jingina da ƙofar ɗansa yana yi maka addu'a? Kwance ta yanzu."

"Jibi ne bikin Chaudhry."

"Ya ɗauki angon a keke."

Ya kwance ta. Muka sa ta a bayan a-kori-kura, muka yi ta tambaya har muka sami gidan, can bayan tashar jirgin ƙasa. A ƙofar gida muka ga tabarmi a naɗe, da kujerun haya ana lodawa.

Wata mace ta fito, furfura ta fara keto mata. Parwin ce, matar Shafkat. Shekara goma sha ɗaya ba ta zama mai miji ba, ba ta zama irina ba. Ni ko ba komai na san ranar da nawa ya tafi, na san inda yake kwance.

"Baba muke nema," in ji Riyasat.

"Ran Litinin muka kai shi."

Sai ta ga abin da ke bayan motar. Ta matso, ta bi tudun tsuntsayen da yatsa. Ba ta yi kuka ba. Ta shinshina hannunta.

"Wannan fentin sabo ne. Yaushe ka same ta, ɗan'uwa?"

Na ga bakinsa yana neman ƙarya, bai samu ba.

"Kwana goma sha takwas."

Ta lissafa kwanakin.

"Ya zo wurinka sau biyu ke nan."

"Ya zo."

"Sauke ta a nan," ta ce. "Kada ka shigo."

Ta bakin mai lorin muka gano ƙauyen, mutanen ƙauyen kuma suka nuna kwazazzabon da suka tsinci ƙofar bayan wata ambaliya. A can 'yan'uwa suka tsaya suka yi wa Shafkat addu'a. Parwin ta dawo ta cire awarwaronta, kamar yadda matar da mijinta ya rasu take yi a wurinmu.

Chaudhry ya janye motarsa babu ƙofa. Riyasat yana nan, yana walda, yana gyaran lotsawa. Fenti ne dai ya daina. Ya ce ba ya son ya ga abin da safiya za ta nuna masa.

Darasi: Idan labarin da wani yake jira ya faɗo hannunka, amana ce, kai masa a ranar. Gaskiyar da ka ajiye sai ka gama uzurinka tana iya isa bayan mai ita ya tafi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila a cikinsu akwai mai riƙe da wata magana yau.