Ranar da Hanyar Mota Ta Hau Kan Rijiyar Marka

Akwai wani mutum mai suna Shu'aibu a wani ƙauye tsakanin Madarumfa da Ɗan Isa, a shekarun farko bayan samun 'yancin kai. Tsohon soja ne, ya dawo gida da ɗan Faransanci da murya mai cika dandali. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Matsalarsa ɗaya: in ya gama magana sai ya ɗauka kowa ma ya faɗi tasa.

A tsakiyar ƙauyen akwai rijiya ƙarƙashin wata tsamiya. Rijiyar Marka ake ce mata, da sunan tsohuwar da mijinta ya haƙa saboda ita tun zamanin kakanni. Igiyoyin guga sun ci itacen bakinta har sun yi masa gurbi-gurbi. Ruwanta ga sanyi ga garɗi. Da hantsi nan mata ke haɗuwa, musulmi da masu bin gargajiya, ana ja ana raha. Wadda ta fi kowa baki a cikinsu ita ce Ɗelu, matar Shu'aibu. In ta ɗora tulu bisa gammo, tafiya take tana waƙa, ko ɗigo ba ya zuba.

Wata shekara da rani sai ga mota da ma'aikata masu awo. Za a faɗaɗa hanyar Maraɗi zuwa iyaka domin manyan motocin kamyo masu ɗaukar gyaɗa. Suka ce hanya biyu gare su: ko a ratsa ta bayan gari a ci bakin gonaki, ko a miƙe ta tsakiya a cike rijiyar. Gaskiya sun yi abin da ya kamata, sun ce a tara mutane a tambaye su ko akwai wata ɓarna da suke gudu.

Aka tara mutane. Wato aka tara maza.

Magidanta sun cika inuwar tsamiya, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa jan guga domin girki. Ruwa dai suna tarar da shi a randa kamar nan yake tsirowa. Shu'aibu ya miƙe ya ce gona ba abin wasa ba ce, hanya kuwa in ta bi ƙofar gida arziki ne ya zo. Game da ruwa ya ce ai ma'aikatan za su haƙi jar ƙasa a gefen gari, ramin zai zama tafki, kowa ya huta da igiya. Maza suka gyaɗa kai, aka shafa fatiha.

Da ya koma gida yana ba da labari, Ɗelu ta dakata da daka.

"Malam, wa kuka tambaya cikin masu ɗibar ruwan?"

Ya yi dariya ya ce wannan maganar manya ce, ta ji da tukunyarta. Ranar tuwonta bai yi daɗi ba.

Katafila ta zo ta tuge tsamiya, ta cike rijiya kafin azahar. Mata suka tsaya daga nesa riƙe da tuluna suna kallo. Wasu tsofaffi sun yi hawaye, ba su ɓoye ba.

Da farko kamar Shu'aibu ne ke da gaskiya. Ya kafa rumfa a bakin hanya yana sayar wa direbobi goro da shayi. Damina ta sauka, ramin ya cika ya zama kududdufi. Rijiya mafi kusa tana can ƙauyen su Ɗogo, wani manomi mai bin gargajiya, kuma sai an tsallaka hanyar da kamyo ke gudu an yi doguwar tafiya. Mai goyo da daka a gabanta ba za ta iya wannan kullum ba. Kowa ya koma shan ruwan ramin, inda ake shiga da ƙafa a ɗebo.

Damina ta zagayo, gero ya tsiro, lokacin noman fari ya yi. Sai kurkunu ya faɗa wa garin. Wannan tsutsa ce mai fitowa ta ƙafa, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, mutum ba ya iya taka ƙasa. A da sai jefi-jefi ake ganinta. Wannan shekarar gida-gida ta bi. Likitan da ya zo daga Madarumfa ya leƙa kududdufin, ya ce ga uwar cutar nan, tun bara suka sha ta.

Shu'aibu ya kwanta da kurkunu a ƙafa biyu, ciyawa tana cin gonar da ya hana a taɓa. Ɗelu ita ma ta fito mata a gwiwa. An ce ta zauna wuri ɗaya, amma wa zai kawo ruwa gidan? Ta ɗaure gwiwar da tsumma, ta ɗauki tulu ta nufi ƙauyen su Ɗogo tana ɗingishi, don ta rantse mijinta ba zai ƙara shan na rami ba. A hanyar dawowa tsutsar ta tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura kamar turmi.

Ɗogo ne ya kawo ta gida bisa jaki. Washegari ya dawo da mutanensa da kalangu, suka yi wa Shu'aibu gayya suka nome gonar, ba wanda ya tuna masa da maganar tsamiya. Wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Shu'aibu ya warke. Ɗelu ta tashi, amma gwiwar ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba har ƙarshen rayuwarta.

Da kaka ta yi, ya rushe rumfarsa ya sayar da kayan, ya bi gida-gida har aka haɗa hannu aka haƙa sabuwar rijiya a bayan gari. Wurin ma mata ne suka nuna. Ruwanta bai kai na Marka garɗi ba, tsofaffi sun sha faɗa.

Ranar da aka fara ɗiba, Shu'aibu ya ɗauki tulun Ɗelu ya tsaya a tsakar gida yana juya shi. Mutumin da ya ɗauki bindiga shekara da shekaru bai san yadda ake ɗora tulu a ka ba. Ɗelu tana zaune a tabarma, ƙafa a miƙe, tana kallonsa.

"Ɗelu, ki gahwarta mini. Da na tambaye ki."

Ta kwance kallabinta, ta naɗe shi ya zama gammo, ta miƙa masa.

"Duƙo in gyara maka. Kuma kada ka cika shi, ba ka iya tahiya da shi ba tukuna."

Tun daga ranar shi ke ɗebo ruwan gidan. Mata suna masa ba'a a bakin rijiya, yana dariya yana bin layi. Ɗelu kuwa ba ta taɓa ganin bakin sabuwar rijiyar da tulu a kanta ba.

Darasi: Kafin a yanke shawarar da za ta taɓa ruwan mutane da lafiyarsu, a tambayi wanda zai ɗauki nauyin a kansa, ko da ba shi da murya a dandali. Hanya ana sake gyara ta, amma lafiyar da ta tafi ba kullum take dawowa ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu yin magana da yawun jama'a.