Kuɗin Shiru a Kasuwar Tudun Kanya

An ce wai a garin Tudun Kanya an yi wata mata mai suna Uwani, wadda ta buɗe ƙaramar jarida a intanet ta sa mata suna Kunnen Gari. Ba ta da injin buga takarda, ba ta da mota. Abin da ta mallaka shi ne shago guda a bayan tasha, da kwamfuta ɗaya, da farantin sola a kan rufi, sai wani magidanci mai suna Isiyaku da ke zaga ƙauyuka a kan babur yana ɗauko mata labari.

Mutanen gari kuwa kyauta suke karantawa. Su yaba, su tura wa juna a waya, amma ba wanda ya taɓa tambayar da me ake sayen data da man babur. Haka muke: muna son gaskiya ta iske mu har kan tabarma, ba ruwanmu da wanda ya biya mata kuɗin mota. Don haka abincin jaridar daga talla yake fitowa, da sanarwar biki, da saƙon taya murna. Cigiya da sanarwar rasuwa ba a karɓar ko sisi. Doka ɗaya Uwani ta kafa: duk abin da aka biya kuɗi aka sa, sai an rubuta TALLA da jan rubutu a kansa.

Babban mai tallarta shi ne Alhaji Mudi mai takin zamani, wanda ya biya na wata shida lokaci guda. Da kuɗinsa aka gyara babur, da shi ake biyan Isiyaku.

Ana nan, damina ta kankama, masara ta kai sa taki, sai wani manomi, Malam Tanko, ya shigo shagon da bokiti da ƙullin taki. Ya zuba takin a ruwa, ya motsa, ya tsiyaye. Sai ga yashi kwance a gindin bokiti.

Ya ce, "Malama, a shafinki na ga tallar takin nan na Alhaji Mudi. Akuyata na sayar na saya."

Uwani ba ta tsaya wata-wata ba. Ta tura Isiyaku ƙauye uku, ya dawo da hoton bokiti biyar, duk labari ɗaya. Da yake ba ta buga zargi sai ta ji ta bakin wanda ake zargi, ta tafi rumbun Alhaji Mudi da kanta.

Alhaji ya saurare ta, ya ce, "Yanzu ke Uwani, da kuɗina za ki sayi wuƙar yanka ni? In baki ya ci, ai ido kan ji kunya."

Ta ce, "Baba Alhaji, ban zo yanka ka ba. Na zo ka faɗi naka in haɗa."

"Ba nawa ba naki. Ko ki yi shiru, ko ki dawo mini da kuɗina yau ɗin nan."

Kuɗi kuwa an riga an kashe. In ta yi magana, shago ya rufe, Isiyaku ya koma gida hannu rabbana. In ta yi shiru, cikin mako guda manoma za su zuba yashi a gindin masararsu, da sa hannunta. Ta kwana biyu tana juya abin, a rana ta uku Alhaji ya kai ƙararta wurin Sarkin Kasuwa Barau, wani dattijo da ya shekara talatin yana raba gardamar ciniki.

Ranar kasuwa aka zauna a rumfarsa, jama'a suka kewaye. Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, na biya a yabi kayana, ba a kushe su ba." Uwani ta ce, "Ranka ya daɗe, fili na sayar masa a shafi, kuma tallarsa tana nan ban taɓa ta ba."

Sarkin Kasuwa ya ja gemu, sa'an nan ya ce, "Alhaji yana da gaskiya. Wanda ya biya, a ba shi abin da ya saya. 'Yata, za ki yi shiru."

Malam Tanko ya buɗe baki zai yi magana, dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Sai dai a kasuwar nan ba a cinikin biri a sama. Ko akuya aka sayar, sai an faɗa a gaban shaidu. Ke kuma na ji an ce duk abin da aka biya kina sa masa jan rubutu. To, tunda shiru ma yana cikin cinikin, shi ma a sa masa. Ki rubuta a saman tallarsa: Alhaji Mudi ya biya kuɗin talla, ya kuma biya kuɗin shiru a kan takinsa. Daga nan kar ki ƙara cewa uffan."

Rumfa ta ɗauki dariya. Alhaji ya zabura ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Wa zai ƙara sayen ko mudu ɗaya a wurina?"

Sarkin Kasuwa ya ce, "To in tambaye ka. Akwai shafuka a garin nan da za su yabe ka da kuɗin katin waya, su ce takinka daga Aljanna aka sauko da shi. Ga maroƙa nan kuma a bakin kasuwa, sun fi araha. Me ya kai ka wurin Uwani?"

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ita ce in ta faɗa ake yarda."

"Ashe ka san abin da ka saya. Yardar mutane ka saya, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ranar da ta yi maka shiru, ranar ta sayar maka da talla mai yashi a ciki, irin takin da ake kuka da shi. Zaɓi ɗaya: ko jan rubutu, ko ka ba mu makullin rumbu."

Alhaji ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa. Aka buɗe rumbu, aka kawo bokitai, Isiyaku yana ɗauka da waya. Takin tsofaffin buhuna ya narke tas. Sababbin, waɗanda wani dillali ya kawo masa daga birni da rahusa, su ne masu yashi. Alhaji ya zauna a kan buhu, ya ce, "Na ga arha na rufe ido. Wallahi ban buɗe ko ɗaya ba. Tanko, kawo naka a canza maka."

Da la'asar labarin ya fita, da hotunan bokitai, da maganar Alhaji kamar yadda ya faɗe ta, tallarsa kuma tana gefe da jan rubutunta. Kafin mako ya zagayo manoma sun mayar da buhunan sun karɓi masu kyau. Alhaji ya yi asara mai yawa, ya yi wata guda ko gaisuwar Uwani ba ya amsawa. Amma da wata shida suka cika, da ƙafarsa ya tako shagon bayan tasha ya sabunta talla.

Shi ya sa masu hankali suka ce: mai talla fili yake saya, ba baki ba, kuma jaridar da ta sayar da bakinta yau, gobe ko filin nata ba mai taya shi.