Tabarmar da Ba Ta Fito Ba

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'ar da ta raba kan dattawa goma sha biyu.

Baba Jatau maɗinkin hula ne, mutum mai taurin kai na gaske. Da damina ta rushe masa ɗaki, ɗansa Hashimu, direban tanka da ke zaune a ɗaki ɗaya da matarsa a Fatakwal, ya roƙe shi ya koma gidan dattawa da mutanen unguwa suka haɗu suka gina. Ɗakuna goma sha biyu ne kewaye da bishiyar darbejiya, ga mai girki, ga malamin lafiya, haya kuma ba ta kai kuɗin buhun gawayi ba. Baba Jatau ya ce shi ba maraya ba ne. Ya shiga dai, amma yana ƙunƙuni, kuma cikin mako guda ya ɓata da mutum uku.

Na farko Iliyasu magini. Shi ya ƙi sa wa ƙofofin gidan sakata ta ciki, ya kuma yi su masu buɗewa waje. Baba Jatau ya kai masa sakata sabuwa fil, Iliyasu ya mayar masa da abarsa cikin ladabi.

Na biyu Malam Zubairu, makahon da ke ɗakin kusa da nasa. Shi ya kafa dokar gidan: da hantsi kowa ya shimfiɗa tabarma a ƙofarsa, ko da ba zai zauna ba. Sai ya bi ɗaki-ɗaki yana taɓa tabarmi da sanda. Baba Jatau ya ce wannan sa ido ne, daga wanda ma ba shi da idon.

Na uku Lurwanu malamin lafiya, wanda ya san ciwon kowa da ƙwayar kowa. Ya ce masa, "Baba, da ciwon sukarin nan, azumin nafila sai mun yi shawara." Baba Jatau ya ce, "Tun ba a haifi ubanka ba nake azumin Litinin."

Ranar wata Litinin da asuba ya sha ƙwayarsa ta sukari, ya kurɓi ruwa kawai, ya ɗauki azumi a ɓoye. Da hantsi jiri ya kwashe shi, ya faɗi jikin ƙofa, bai ƙara sanin inda yake ba.

Malam Zubairu ya zo zagayensa. Sanda ta taɓa tabarma bakwai, a ƙofa ta takwas, ta Baba Jatau, sai ta daki siminti. Mai girki ta ce, "Ka bar shi, fushinsa ne ya motsa." Malam Zubairu ya ce, "Jatau na zagina kullum, amma bai taɓa fasa shimfiɗa ba." Ya kwarma ihu.

Aka ja ƙofa, ta buɗe waje salin-alin. Da ciki take buɗewa, da gangar jikinsa ta tokare ta, da kuma akwai sakata, kafin a nemo guduma an gama.

Lurwanu ya rugo. Jama'a na ta cewa a shafa masa ruwa, hawan jini ne. Shi kuwa ya tuna yau Litinin, ya auna, ya ga sukari ya yi ƙasa warwas. Ya yi masa allura nan take. Ba a jima ba Baba Jatau ya buɗe ido, ya ce wa ya ba su izinin shigar masa ɗaki. Gidan ya kaure da dariya da hamdala, mai girki ta rangaɗa guɗa.

Kwana uku bayan haka waya ta zo daga Fatakwal: matar Hashimu ta haifi namiji, jikan farko. Hashimu ya ce, "Baba, kai za ka zaɓi suna."

Baba Jatau ya zauna a tabarmarsa ya yi kuka, bai ɓoye ba. Saura kaɗan yaron nan ya ci sunan kakansa marigayi. Ya ce jikansa zai ci sunan wanda ya tsare masa rai, ya kuma ɗinka wa takwaran hula da hannunsa. Amma yaro ɗaya ne, suna kuma saura kwana shida.

Da Iliyasu bai ƙi sakata ba, ba a shiga ba. Da Zubairu bai yi zagaye ba, ba a sani ba. Lurwanu kuwa, da bai san halin tsohon ba, da ana can ana ta shafa ruwa.

To, jama'a, sunan wa ya kamata a raɗa wa yaron nan?