Rijiyar Gwaggo Tabawa da Matattun Ƙwayayen Lantarki

Ku gyara zama, yau na zo muku da abin gardama.

Gwaggo Tabawa ba ɗa ba jika, sai lambu da rijiya guda, wadda duk unguwa ke sha. Gab da damina, wata masaƙa da ta rufe ta kwaso dogayen ƙwayayen lantarkinta da suka mutu, ta jibge su a kwarin da ke gangarowa kan rijiyar. Mutane suka ce a farfasa a binne, tsohuwa ta ce to.

Har an ɗaga taɓare sai ga Tukur, ɗan ƙaninta mai gyaran wuta, ya tsaya a gaban tulin. "Gwaggo, akwai zaiba a cikinsu. In suka fashe, ruwan farko zai wanko gubar cikin rijiyarki." Aka zage shi, aka ture shi, bai gusa ba har aka sauke taɓaren. Gwaggo ta dubi hadari a gabas. Ta ce wanda ya raba ta da wannan bala'i, lambun nasa ne.

To, an hana fasawa, amma wa zai ɗaga su? Sai Jummala, ƙanwar Tukur mai sayar da ƙwan zabi. Ta kwance dangar gidanta don samun kara da igiya, ta zazzage ƙaiƙayin da take adana hajarta a ciki, ta naɗe kowane ƙwan lantarki ta ɗaure su dami-dami kamar rake. Ko ɗaya bai tsage a hannunta ba.

Saura inda za a kai su. Autansu Barau direba ne, wanda Gwaggo ta rantse ba ta ƙara shiga motarsa saboda gudu. Shi ya san wata ma'aikata a birni da ke ware gilashi daban, ƙarfe daban, zaiba daban, a sake amfani da su. Ranar kasuwa ce, ya bar fasinja, ya yi lodi. Barau fa, Barau mai tashin ƙura, ya bi waɗannan ramukan hanya a hankali har masu jakai na wuce shi suna dariya. Ya sauke kaya lafiya.

Da la'asar sama ta ɓalle, kwari ya cika ya tumbatsa. Da ruwa ya ɗauke Gwaggo ta jefa guga, ta sha, ta fashe da kukan daɗi. Sai ta tuna alkawari, ga lambun ba ya rabuwa, don rijiyarsa ɗaya ce. Ta dubi su ukun.

To, jama'a, wanda ya hana, da wadda ta ɗaure, da wanda ya kai, wa za ta ba lambun?