Takardar da ke Cikin Hular Direba

Malaminmu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sha ilimi ya ƙoshi, ga tsentseni, ga ƙarancin magana, har mu ɗalibansa mukan wuni a gabansa ba mu ji kalma goma ba.

Akwai wani direba da bai yarda da malamai ba ko na sisin kwabo. Mahaifinsa tela ne, idanunsa sun yi rawaya, ciki ya kumbura. Likita ya ja direban gefe ya ce kansar hanta ce, ta bazu har huhu, aiki ba zai yiwu ba, sai dai a rage masa zafi, kuma abin da ya saura wata uku ne zuwa shida, sanin gaibu sai Allah. Direba ya ninke takardar da likita ya ba shi ya cusa cikin hularsa, ya ce wa kowa gyambon ciki ne, don kada Baba ya karaya.

Da tsohon ya nace sai an kai shi wurin Malam, direba ya kai shi yana cika yana batsewa. Ya tabbata za a haɗa su da jiƙe-jiƙe a hana su maganin asibiti, don haka ya zauna bakin ƙofa yana ƙare wa ɗakin kallo, yana neman inda aka ɓoye kwalabe. Littattafai kawai ya gani da buta.

"Gyambon ciki ne, Malam," direba ya faɗa da gangan, don ya gwada shi.

Malam, Allah Ya haskaka makwancinsa, ya yi addu'a ya shafa, sannan ya ce, "A ci gaba da maganin likita. Kwana ba a hannuna yake ba. Kai kuma cire hular nan, ta yi maka nauyi."

Direba ya dafe hularsa. Wa ya tsegunta? Innarsa ba ta sani ba, matarsa ma haka. Ya fara zargin likitan kenan sai Malam ya juya ga tsohon.

"Kai ma faɗa masa abin da ke ƙarƙashin keken ɗinkinka."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Likkafanina ne. Tun wancan watan na yanka shi. Na ɓoye ne don kada ka karaya, ɗana."

Direba ya yi kukan da bai taɓa yi ba. Wata huɗu tsohon ya ƙara a duniya, kuma babu wunin da ɗansa bai zauna gefen gadonsa sun yi maganar gaskiya ba.

Tsarki ya tabbata ga Mai sanar da bayinSa abin da Ya so. Ya Allah, Ka ba mu albarkacin wannan bawa naKa, Ka sa mu cika da imani.