Motar Gobara Mai Sabon Fenti

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙaramin gari, shugaban sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana nan da ransa, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Ma'aikata dai sun laƙaba masa Sai Baɗi, saboda duk ɓarnar da aka kai masa, amsarsa ke nan.

Garin yana da motar kashe gobara guda ɗaya tak. Don ita ake karɓar wani ɗan haraji a kasuwa, ana kiransa kuɗin gobara. Tela yana biya, mai faci yana biya, tsohuwa mai kasa gishiri a bakin hanya tana kwance bakin zani ta biya. Ba wanda ke musu. Wa zai yi jayayya da abin da zai ceci rumfarsa?

To, injin da ke tura ruwa a motar nan ya mutu tun da daɗewa. Duk ƙarshen shekara, in kansiloli suka zauna kasafin kuɗi, mutumin nan sai ya miƙe da babbar riga ya karanto buƙatun sashensa, a ciki har da gyaran injin motar gobara. Nan take a amince. Kuɗi su fito.

Sai me? Sai ya sayo jan fenti. A wanke mota, a shafe ta tana walƙiya, a sa wa jiniya sabon batir. Ranar da manya za su duba aiki, direba ya zagaya harabar sakateriya da ita tana kuka, kansiloli su tafa. In wani ya ce a ɗan fesa ruwa a gani, sai ya yi dariya ya ce ai almubazzaranci ne, ga mutane na neman na sha. A yi dariya tare da shi, a watse.

Ba wai bai san gyaran ba ne. Lissafi ya yi. Ya ga cewa abin da aka gyara fita yake daga kasafi, amma abin da ya lalace kullum dawowa yake. Sai ya mai da mataccen injin nan saniyar tatsa. Har man dizal ɗin da ake ware wa motar, rabinsa a jarkoki ake kai masa gida, yana ba janaretansa.

Allah bai kama shi farat ɗaya ba. Sai da ya nuna masa. Wata rana wuta ta tashi a layin kafintoci, aka rugo sakateriya. Ya ja direba gefe ya ce a ce babu mai. Rumfuna suka ƙone ƙurmus, da katako da kayan aiki da gadajen mutane da aka riga aka biya. Kun san abin da ya yi? A zaman kasafi na gaba, da wannan gobarar ya kafa hujja, ya nemi a ƙara kuɗin gyara. Aka kuwa ƙara. Ni wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Amma kada ku ɗauka shaiɗan ne mai ƙaho. Yana salla a sahun gaba. Kuma yana son mahaifiyarsa, so na gaske. Da ya gina sabon gida, ya ɗauko ta daga tsohon gidansu, ya ba ta ɗaki a can ƙurya, da fanka da katifa mai laushi, tunda ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Saboda abin da yake ɓoyewa a gidan ba ya kaiwa banki, ya sa aka dasa wa kowace taga ƙarafa masu kauri. Ɗakin janareta da jarkokin mai kuwa, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin tsohuwa.

Ita ba ta yi boko ba, amma ba ta rasa ido ba. Wata rana ya zo gaishe ta, ta dube shi ta ce, "Kai wannan, albashin hukuma ne ya gina duk wannan? Ni dai tun da na shigo gidan nan barcina bai yi daɗi ba."

Ya ce, "Inna, ki dai ci gaba da sa mini albarka."

Ta ce albarka tana sa masa kullum, amma ba ta san a kan me take sauka ba. Ya yi dariya ya fita.

Rannan da rana tsaka, yana ofis, aka bugo masa waya: wuta a gidansa, daga ɗakin janareta. Matarsa da yara sun fita. Tsohuwa tana ciki, wuta ta tare ƙofar ɗakinta.

Ya fito ba hula, yana kiran direba ya ta da mota. Direba ya tsaya yana kallonsa. Shi kuwa ya daka wa direban tsawa, ya haye gaba da kansa. Ya manta ne injin ba ya aiki? Wallahi bai manta ba. Amma shekara da shekaru yana gaya wa mutane an gyara, a ranar shi ma ya so ya yarda.

Kafin su iso, maƙwabta sun yi abin da maƙwabta ke yi. Sun ja layi daga rijiyar bakin titi har cikin gidan, bokiti na bin hannu. Wasu suna dukan ƙarafan tagar tsohuwa da guduma, har ƙarfe ɗaya ya fara lanƙwashewa. Tana ciki tana amsa musu, suna ce mata ta yi haƙuri, saura kaɗan. A cikin masu miƙa bokitin nan har da kafintocin da rumfunansu suka ƙone.

Sai aka ji jiniya. Mutane suka yi hamdala, aka ce ga mota ta zo, a ba ta hanya. Masu bokiti suka ajiye. Masu guduma suka ja da baya don kada ruwa ya buge su. Motar ta kutso cikin lungu, ja wur, tana ƙyalli, ta toshe hanyar rijiya gaba ɗaya.

Ya diro, ya fizgi tiyo da hannunsa, ya nufi tagar uwarsa, yana cewa a kunna. Direba ya kunna. Tiyo yana kwance shakaf a hannunsa. Ya ce a sake. Aka sake. Ko ɗigo.

Kafin mutane su gane, kafin a ja motar baya a sake haɗa layin bokiti, rufin ya rufta. Tun kafin nan tsohuwa ta daina amsawa.

Ya 'yan uwa, ku duba da kyau. Da motar nan ba ta zo ba, da wataƙila an fitar da ita. Fentin da ya shafa ne ya sa mutane suka ajiye bokitinsu.

Bayan haka aka yi bincike, aka kore shi, matarsa ta kwashi yara ta koma gidansu. Duk wannan bai dame shi ba, don hankalin da zai damu ya tafi. Yau in ka bi ta bakin sakateriya, za ka ga wani mutum zaune a gindin katanga da guntun tiyo a cinya. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Don Allah a kunna."

Dukiyar jama'a amana ce, kuma kowane kwabo a cikinta yana da mai shi. Wanda ya ci kuɗin gyara, ba kuɗi kaɗai ya ci ba. Ya ci ranar da za a buƙaci abin, kuma ba shi zai zaɓi wanda ranar za ta faɗo wa ba. Kai ma'aji, kai kansila mai tafi ba ka ga ruwa ba, kai mai sa hannu a kan aikin da ba ka je ka duba ba, wa ke bayan taga? Ka tabbata ba naka ba ne?

Na so in ce muku garin nan ya ɗauki darasi. Kwanan baya na wuce ta wurin, na ga motar a harabar. An sake mata fenti.

Allah ya kiyaye mu daga cin amana, ya tsare hannuwanmu daga haƙƙin mutane, kada ya kama iyayenmu da abin da muka shuka. Amin.